Muttaka da Jiminar Otirish

A garin Sarkin Hausa, cikin ƙasar Mayahi, babu wanda ya kai Muttaka sanin fim, in dai Muttaka aka tambaya. Shi ne mai gidan kallo ɗaya tilo a garin, kuma shi ne mai fassara. Yakan tsaya gefen tele da ɗan karan dawa a hannu, Indiyawa na magana yana juyawa, Sinawa na magana yana juyawa, ko kare ya yi haushi a cikin fim sai ya faɗi abin da karen yake nufi. Yakan ce duk harsunan duniya yana ji, ban da na aljannu, shi ma don bai samu sarari ba. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, a aji uku ya bar ta, wai ya lura malamin ya fara koyo a wurinsa. Shi ya raɗa wa kansa suna Diraktar, mutane suka kama don sun ga kiran ba ya cin kuɗi.

Sai zamani ya juya masa baya. Samari suka samu wayoyi, kowa ya je Tasawa a cika masa aljihu da fina-finai, ya dawo ya zauna gindin bedi yana kallo shi kaɗai. Bencinan Muttaka suka zama wurin kwanan awaki. Ya sayi majigi hannun wani da ya dawo daga Libiya, ya ce yanzu mutum zai ga jarumi da tsawon raƙumi, amma duk abin da ya haska sai a ce an gani tun bara. Daga nan ya yi rantsuwa gaban mai shayi cewa sai ya kawo fim ɗin da babu wayar da ta taɓa jin ƙanshinsa.

Matarsa Barira mai ƙuli-ƙuli ce, kuma ba ta cikin masu kiransa Diraktar. Rufin ɗakinta ya daɗe yana yoyo, ta yi rani guda tana matsar gyaɗa har ta tara kuɗin kwanon rufi. Da hadari ya fara leƙowa daga gabas, ta ɗaure kuɗin a gefen ɗankwali, ta ba shi, ta ce ya je Tasawa ya sayo kwano, kada ya tsaya ko gaisawa da kowa.

Bai gaisa da kowa ba sai Ɗan Malam mai bosho, wanda ke sayar da tsofaffin tufafin Turai a bakin kasuwa. Ya tarar da shi ya kwance sabuwar dila, yana lalube aljihun wani ƙaton kwat mai gashi, irin wanda ko tunkiya za ta ce ya yi yawa. A cikin aljihun aka ciro wani ɗan akwatin faifan fim, da ledarsa ba a yage ba. Hoton da ke jiki bayan wani mutum ne tsaye cikin fari fat. Ɗan Malam yana ɗan haɗa baƙaƙen Faransanci, ya matso da akwatin kusa da hanci, ya ce abin da ya gane shi ne labarin kisa ne da ramuwar gayya, kuma daga Otirish ya fito.

Muttaka ya ji kalmar ta daki wani wuri a kansa. A bangon aji uku akwai hoton wata tsuntsuwa mai dogon wuya, da sunanta a ƙasa, kuma sunan nan kamar haka yake. Nan take ya ga komai: jimina ce aka zalunta, ta tashi ramuwa. Ya dafe akwatin da hannu biyu kamar wani zai fizge.

Ɗan Malam ya ce su leƙa shagon mai gyaran rediyo a saka a gani, ko da ɗan farkon ne. Muttaka ya ƙi. Ya san halin masu gyaran rediyo: kafin la'asar fim ɗin ya shiga kowace waya a Tasawa.

"Ba a cinikin biri a sama, Diraktar," in ji Ɗan Malam.

"Biri ka ji an ce? Jimina ce. Ka taɓa ganin jimina bisa icce?"

Ɗan Malam bai taɓa gani ba, amma ya ga idon Muttaka, don haka farashi ya yi ta hawa har ya tsaya daidai inda kuɗin Barira suka ƙare. Ya ba shi kwat ɗin gyara. Muttaka ya saka shi nan take, ya hau kabu-kabu cikin zafin bazara, ya iso gida kamar an tsamo shi daga rijiya.

Barira ta duba bayansa ko amalanken kwano na tafe. Ya ce mata ta kwantar da hankali, abin da ya sayo zai rufe ɗakinta, ya rufe zaure, ya rufe har akurkin kaji. Ta karɓi akwatin, ta juya shi, ta ɗora a kanta, ta ɗaga ido sama.

"Malam, kunnena ma bai ruhe ba."

Ya yi mata bayanin jimina. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ya haska mata ta gani tun yanzu. Ya ce esansi, man da injin wuta ke sha, ya yi tsada, kuma ledar nan gaban jama'a za a yage ta, don kowa ya shaida budurwar faifai ce. Barira ta ce to, amma ranar kallo ita za ta tsaya bakin ƙofa, kuma duk abin da ya shigo hannunta zai shiga. Ta ƙara da cewa in ruwa ya riga jiminar zuwa, ya san gefen da zai kwana.

Washegari a wurin mai shayi ya ajiye akwatin kan tebur, ya hana kowa taɓawa. Mushe Hafiz, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, ya leƙa ya karanta, ya yi gyaran murya. Ya ce akwai ɗan kuskure. Otirish ƙasa ce a Turai, maƙwabciyar Jamus, duk duwatsu da sanyi. Tsuntsuwar kuwa otirush ake ce mata, harafi ɗaya ya raba su.

Muttaka ya kurɓi shayi, ya bari kowa ya yi shiru.

"Mushe, garin ga mi sunanshi?"

"Sarkin Hausa."

"Akwai Hausawa cikinshi ko babu?"

"Akwai."

"To ƙasar da anka sa ma suna Jimina, kana tsammani kaji ke zaune cikinta?"

Masu shan shayi suka ce wannan magana ta zauna. Mushe Hafiz ya fara zana taswira da yatsa a kan tebur, mai shayi ya goge da tsumma. Ya tambayi Muttaka ko yana jin Jamusanci, tunda shi ne harshen ƙasar. Muttaka ya ce ai shi ya taɓa riƙe wa wani Bajamushe mai haƙar rijiya igiya yini guda, kuma kafin magariba Bajamushen ne ke tambayarsa ma'anar wasu kalmomi.

Liman ya aiko a tambaya ko akwai tsiraici a ciki. Muttaka ya tafi da kansa, ya tabbatar masa jaruma a rufe take da gashi daga wuya har gwiwa, kuma ya gayyace shi ya zo ya gani da idonsa.

Ya ɗauki mai shela, ya ɗora shi kan amalanke, ya koya masa labarin da shi kansa bai gani ba: maharba sun kashe wa jimina miji, sun soye ƙwanta da albasa, ta yi rantsuwa ba za ta sake shan ruwa ba sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Labarin ya fita gari ya shiga ƙauyuka. Kafin ya kai rugagen Fulani jiminar ta koyi harbin bindiga. Kafin ya kai zangon Buzaye ta zama mai rai, Muttaka ya sayo ta a Tasawa, tana ɗaure a bayan gidansa tana cin ƙuli-ƙuli. Da aka kawo masa wannan bai ƙaryata ba, ya ce kawai kowa ya zo ranar kasuwa.

Ya ari tsohuwar mangaza, ɗakin ajiyar hatsi da ke gefen kasuwa, don ita kaɗai ce ke da duhu da rana in an rufe ƙofa. Ya shafa wa bango farar ƙasa, ya ɗora majigi kan duro can baya, ya kewaye shi da zana don kada a taɓa. Ranar kasuwa tun kafin azahar mutane suka yi layi. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo hatsi, wani ƙwai, wani ya miƙa zakara. Barira na karɓa tana tarawa a bayanta, fuskarta ba yabo ba fallasa. Wata tsohuwa, Inna Mardiya, ta zo da kwalba, ta ce an gaya mata man jimina na maganin gwiwa, ko kaɗan ne a ɗiga mata. Halimatu, Bafulatana mai fura da nono, ta shigo da ƙwaryarta ta ajiye kusa da zana, ta ce ba za ta bar ta a waje ba. Sai ga Baba Alhassan, wani tsohon Buzu, a kan raƙumi. Ya ce rabonsa da jimina tun yana saurayi a arewa, kafin fari ya kore su, kuma yana so ya sake ganin guda kafin ya mutu. Aka ba shi gaba, kusa da Liman.

Bayan an yi azahar aka rufe ƙofa. Muttaka ya fito cikin kwat ɗinsa, ya ce wannan shi ne kayan sarautar Otirish. Ya yage leda a gaban kowa, ya nuna ta gabas da yamma, ya ciro faifai biyu, ya saka na farko. Gurup, injin wutar, ya yi tari a waje, ya kama.

Bango ya yi fari. Aka jira. Bango ya ci gaba da fari. Wani ya ce inji ya lalace, Muttaka ya ce fim ɗin ne ya fara. Can sai aka ga wani ɗigo baƙi yana motsi daga nesa, mutane suka miƙa wuya. Ɗigon ya yi ta matsowa har ya zama wani dattijon Bature mai furfura, yana tafiya kamar wanda ya manta inda za shi. Aka tambayi farin abin da yake takawa. Mushe Hafiz ya ce dusar ƙanƙara ce, Muttaka ya ce gishiri ne. Baba Alhassan ya ce in gishiri ne, to kakanninsa sun sha wahalar banza zuwa Bilma ɗauko shi.

Dattijon ya tsaya gaban wani kabari ya daɗe. Ya koma gida ya dafa kafe, gahawar Turawa. Ya zauna bakin taga yana sha. Bai ce komai ba, amma Muttaka bai bar bakinsa ya huta ba: ya ce mutumin yana tuna ranar da ya soya ƙwan, yana cewa kaitona, da na sani da ban sa albasa ba. Da dattijon ya buɗe baki ya faɗi kalma ɗaya tak, Muttaka ya fassara ta har ya kawo sunayen kakannin mutumin. Da wata mata ta shigo ta yi ta zuba magana tana kuka, ya ce cewa ta yi ina wuni. Mushe Hafiz ya ce gaisuwar ta yi tsawo. Muttaka ya ce mutanen Otirish suna da ladabi.

Liman dai ya gamsu. Ya ce bai taɓa ganin mutane masu sutura haka ba, kowa riga bisa riga, har hannu da safa.

Dattijon ya buɗe firiji, aka ga ƙwai a jere. Muttaka ya buga karansa a bango ya ce ga ragowar ƙwan jimina nan.

"Wanga ƙwan kaza ne," in ji Baba Alhassan.

"Sanyi ne ya tsuke su, Baba."

Aka ci gaba. Can aka nuno wani mutum kwance matacce cikin farin nan, ƴan sanda sun kewaye shi suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu zaman makoki. Mangaza ta ɗan farfaɗo. Muttaka ya ce aikin jimina ne, shuri ɗaya ta yi masa. Wani makiyayi ya ce shi bai ga sawunta ba, ga sawun kowa ya fito raɗau. Muttaka ya ce ta share da fiffike, ai ba jimina ce ta wasa ba. Makiyayin ya ce to ina sawun fiffiken. Muttaka ya ce a yi shiru, ana magana mai muhimmanci, alhali dattijon ne ya sake dafa kafe.

Zafi ya fara cin mutane. Jemagun da ke rufin mangaza suka gaji da haske, suka fara gilmawa gaban bango, wata mata ta ce ga ƴaƴan jiminar nan, Muttaka ya yi saurin cewa haka ne, uwar na tafe. Inna Mardiya ta cire murfin kwalbarta. Uwa ba ta zo ba. Faifai na farko ya ƙare da dattijon yana kallon tabki.

Guna-guni ya tashi. Mai zakara ya ce a ba shi zakaransa, in ma kallon mutum yana shan ruwan zafi ne, ga mai shayi nan kyauta. Baba Alhassan ya gyara rawaninsa ya juyo ya dubi Muttaka, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Daga bakin ƙofa Barira ta yi tari ɗaya, wanda mijinta ya san ma'anarsa ba tare da fassara ba.

Muttaka ya ce manya ba su fitowa a faifan farko, ko sarki sai an gama taruwa yake fitowa. Ya saka na biyu. Aka buɗe da dattijon yana wanke kofi.

A nan ne dabara ta zo masa. Ya ce bari ya duba gurup, yana jin muryarsa ta sauya. Ya bi ta gefen bango cikin duhu, ya zare ludayi daga ƙwaryar Halimatu, ya shige cikin zanar da ta kewaye majigi. Ya naɗe hannun kwat har kafaɗa, ya dunƙule kan ludayin a tafinsa, mariƙin ya miƙe gaba kamar baki. Ya kwance wata robar tayar moto da aka ɗaure waya da ita, ya naɗe hannun da ludayin tamau, ya ja ƙulli da haƙori don kada yatsu su fito. Ya durƙusa, ya ɗaga hannu a hankali gaban hasken.

Daga ƙasan bango wani baƙin kai ya taso, da dogon wuya a ƙarƙashinsa. Mangaza ta ɗauke numfashi. Kan ya juya hagu, ya juya dama, ya leƙa cikin kofin dattijon. Wuri ya kaure da sowa, mata suka yi guɗa, mai zakara ya zauna. Muttaka ya ji sowar ta shiga masa jini. Ya turo gadon bayansa da kwat ɗin cikin haske don a ga jiki, inuwar ta rufe dattijon da tagarsa da rabin ƙasar Otirish.

Baba Alhassan ya daɗe yana dubawa.

"Bakin ga na shamuwa ne," in ji shi.

Kafin kowa ya nemi Diraktar, wani daga baya ya ce ai ta Turai ce, sanyi ne ya ja mata baki. Jama'a suka yarda. Mushe Hafiz ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Jimina ta shiga aiki. Ta sari dattijon a ka, bai kula ba, ya ci gaba da goge kofi, mutane suka ce taurin rai gare shi. Hoto ya sauya zuwa ofishin ƴan sanda, jimina na nan a ofis, ta sari kwamishina. Hoto ya koma cikin mota, tana cikin motar. Aka ce lalle wannan ba ta da niyyar yafewa. Inna Mardiya ta rarrafa gaban bango ta tara kwalbarta ƙarƙashin inuwar, tana roƙon a matse mata ko ɗigo.

Abin da Muttaka bai lissafa ba shi ne ƙasan mangaza. Shekaru ana zuba gero a wurin, ƙaiƙayi ya kwanta kamar katifa, shi kuwa hancinsa na dab da ƙasa. Ya ji abin na tahowa. Ya danne, ya cije leɓe, ya karanto duk abin da ya sani. Jimina ta yi rawa a bango, ta yi baya, ta yi gaba, sannan ta saki atishawar da ta tashi jemagu gaba ɗaya. Kuma da yake bakin mutum ba ya manta tarbiyya, cikin shirun da ya biyo baya aka ji jimina ta ce, "Alhamdu lillahi."

"Yarhamukallahu," in ji Liman, rabin mangaza na taya shi.

Liman ya juya wajen Baba Alhassan, ya tambaye shi a hankali ko wa ya amsa wa.

Halimatu kuwa ƙishi ya kama ta, ta kai hannu ƙwarya ta dama fura, ta laluba ba ludayi. Ta dubi bango, ta dubi bakin jiminar da ɗan lanƙwasarsa, ta dubi zana. Mutane dai sun ga wani ƙaton hannu da awarwaro ya shigo daga gefen bango ya cafke jimina a baki. Samari suka tashi tsaye suna cewa ga matar maharbi ta iso. Jimina ta ja, hannu ya ja, zana ta faɗi, Barira ta buɗe ƙofa.

Hasken la'asar ya shigo ya sami Diraktar a durƙushe, gindi sama, kwat ya rufe masa kai, hannu ɗaya tsirara a miƙe da ludayi a ɗaure, ragowar fura na gangarowa zuwa hammatarsa. A bango dattijon na ci gaba da tuƙa motarsa, ba abin da ya dame shi.

Muttaka ya fito da kai daga cikin kwat, ya dubi jama'a.

"Ta makara bisa hanya ne," in ji shi. "Na riƙe mata wuri."

Barira ta ce tun da take ba ta taɓa sanin tsuntsuwa ta aura ba, da ta sani da tsaba za ta riƙa watsa masa ta huta da tuƙin tuwo. Halimatu ta ce ita ludayinta take so. Ta ja, roba ta ƙi. Ƙullin haƙori ne, gumi ya ƙara masa ƙarfi, hannun kuma ya kumbura. Muttaka ya ce ta saki ya je gida ya kwance, ta ce wanda ya saci ludayi a gaban Liman ba za ta ba shi aron ko taki ɗaya ba. Ta riƙe mariƙin ludayin, ta nufi rumfar mahauta neman wuƙa, dole ya bi ta a sunkuye.

Haka aka ratsa kasuwa da shi, ta layin masu barkono, ta layin masu tabarmi, Bafulatana a gaba, Diraktar a baya cikin kayan sarautar Otirish, mutanen mangaza na biye, ƴan kasuwa na barin rumfunansu suna shiga sahu. Inna Mardiya na can ƙarshe da kwalbarta tana tambaya ko yanzu ne za a fitar da man. Duk wanda ya tambayi abin da ke faruwa, Muttaka na cewa daga ƙasa wannan ma cikin fim ɗin ne. Sarkin fawa ya dube shi sama da ƙasa, ya wasa wuƙa, ya tambayi Halimatu yanka take so ko fiɗa kawai. Ya yanke robar, ta karɓi ludayinta, ta ce sai an wanke shi da toka.

Kafin ya dawo mutane sun kewaye Barira, kowa na neman abin da ya bayar. Hatsin ya riga ya haɗe wuri ɗaya, kuma abin mamaki duk wanda ya kawo shi da ƙaramin kwano sai ya tuna da babba ya kawo. Mutum biyu suka yi rantsuwa a kan zakara ɗaya. Barira ta juye musu komai ta kakkaɓe zane, ta ce wanda bai samu nasa ba ya ɗauki benci. Kasuwa ta gaba ta ɗora majigin a kan amalanke da kanta, ta kai Tasawa, ta dawo da kwanon rufi.

Amma a ranar, cikin duk wannan hayaniya, mutum ɗaya bai tashi ba. Baba Alhassan ya tura ƙofar mangaza ya rufe, ya koma wurinsa, ya ce tunda ya taso raƙumi sai ya ga ƙarshen mutumin nan. Ya kwana a garin, da safe ya zo wurin mai shayi, ya tarar da Muttaka zaune da hannu a kumbure yana bayyana wa mutane cewa a Turai haka ake yi, mai fassara na shiga cikin fim in ta kama.

Aka tambayi tsohon ko an yi ramuwar. Ya ce dattijon ya sha kafe har ya gaji, daga baya ya ciro bindiga daga ƙarƙashin gado, ya yi tafiya mai nisa cikin farin nan, ya isa wani gida shi kaɗai a gindin dutse. Ya tsaya. Ya ɗora hannu a kan ƙofa, ƙofa ta fara buɗewa, sai esansi ya ƙare.

Masu shan shayi suka duƙa kan kofunansu, don ba su so su nuna abin ya kama su. Muttaka ya ajiye kofinsa, ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani ko? Tana bayan ƙohwar. Da kun yi haƙuri kaɗan."

Mushe Hafiz ya ce wannan mai sauƙi ne. Yana da ordinater a gida, wato kwamfuta mai cin faifai, in an tashi lakwal sai a kawo a saka, kowa ya ga abin da ke bayan ƙofar. Mutane suka ce madalla. Muttaka ya ce madalla shi ma, har ya fi kowa ɗaga murya, sannan ya tuna yana da ɗan aiki a gona.

Da aka tashi lakwal aka neme shi, aka same shi a gonarsa ta bayan gari. Ya huda faifan duka da ƙusa, ya zura musu igiya, ya rataye su a kan sanduna, suna juyawa suna walƙiya cikin rana. Ya ce ya yi tunani, bai kamata a tona wa baiwar Allah asiri a gaban jama'a ba bayan abin da aka yi mata, gara ta yi gadin gero.

Faifan na nan har kaka. Duk wanda ya bi ta hanyar, Muttaka kan tare shi ya nuna masa, ya ce ya duba da kyau, ko tsuntsu ɗaya ba ya sauka a gonarsa, don sun san wadda ke ciki. Maƙwabtansa sun tabbatar tsuntsaye ba sa sauka. Sun ce a gonar da ba a yi wa noma ba, ko su ne tsuntsayen ba za su sauka ba.